Tarihin Lamba da Yadda Agana Ta Ƙare

 A wanga karo mun ajiye zancen kuɗin ƙungiya zuwa fitowa mai zuwa, don mu waiwayi wani tarihi wanda da yawa daga cikinku ke ɗauke da shaidarsa a jiki. Duk wanda ya haura shekara 50, in ya naɗe hannun riga, za a ga wani tabo kewayayye a damtsensa, bai kai faɗin dala ba. Shi ne lamba. Mu da anka haifa bayan 1980 ba mu da shi, tabon da ke hannunmu na rigakafin tarin fuka ne. Yaranmu na lakwal kuwa ko sunan agana ba su sani ba. Abin godiya ne ga Allah, amma ya kamata su san da wace hanya anka rabu da ita, domin akwai cututtukan da har yanzu ba mu rabu da su ba.

Agana cuta ce ta ƙwayar da likitoci ke ce ma birus. Mutum ne ke ba mutum, ta numfashi in an zauna kusa, ko ta tufafi da shimfiɗar maras lafiya. Wanda ya ɗauka yakan yi kamar kwana 12 yana harkarsa bai san kome ba. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi da ciwon baya, bayan kwana biyu ko uku ƙuraje su feso, su fi yawa a fuska da hannuwa da ƙafafu, har tafin hannu. A ƙasashen Asiya takan kashe wajen mutum uku cikin goma. A wajenmu kisanta bai kai haka ba, amma jarirai da mata masu ciki ba su cika tsira ba. Wanda ya tashi yakan tashi da zanzana a fuska, wani kuma da makanta. Lokacinta rani ne, bayan an gama aikin gona, sa'ad da kasuwanni ke cika, ana bukukuwa, fatake da almajirai da ƴan ci-rani na bisa hanya. Da damina ta kankama, kowa ya koma gonarsa, sai ta lafa.

Kada a ɗauka kakanninmu sun zauna ne sun naɗe hannu. Sun lura wanda ya yi agana sau ɗaya ba ya sake yi, don haka irinsu ake ba jinyar maras lafiya. A garuruwa da yawa akan yi masa bukka a bayan gari, a riƙa kai masa fura da ruwa can har ɓawon ƙurajen ya zube. Likitan yau bai da abin da zai gyara a wagga dabara. Akwai kuma ta biyu, wadda ta fi ban mamaki. Akan ɗebi ruwan ƙurjin wanda cutar ta yi ma sauƙi, a tsaga fatar mai lafiya a shafa masa, don ya yi ƴar ƙaramar agana ya huta da babbar. Turawan Ingila da sunka isa Kukawa ta Barno a 1823 sun iske ana yin haka da tsinin wuƙa. Tun kafin nan, wani bawa ɗan Afirka da anka sa ma suna Onesimus ya bayyana ma ubangidansa wagga dabara a birnin Boston na Amurka, anka yi aiki da ita a annobar 1721. Sai dai tana da haɗari. Cikin mutum ɗari da anka tsaga, ɗaya ko biyu kan mutu, kuma wanda anka tsaga yana iya ba maƙwabcinsa cutar da cikakken ƙarfinta. Wani lokaci garin neman tsari sai a kunna wuta a unguwar da ba ta kama ba.

A 1796 wani likitan ƙauye a Ingila, Edward Jenner, ya gwada abin da masu tatsar nono na yankinsa ke faɗi, cewa wanda ya ɗauki ƙurajen hantsar saniya agana ba ta kama shi. Ya tsaga ma wani yaro ruwan ƙurjin saniyar, bayan wasu makonni ya gwada shi da agana ta gaskiya, ba ta kama ba. Sunan da Faransawa ke kiran rigakafi da shi ma daga kalmar saniya ya fito a harshen Latin. Bambancin da dabarar kakanninmu shi ne, ƙurji ɗaya kawai ke fitowa inda anka tsaga, kuma ba agana ba ce balle a raba ma jama'a. To, in tun 1796 magani na hannu, mi ya sa agana ta ƙara shekara 170 tana cin mutane a ƙasarmu? Nan ne tarihin ke da abin dubawa.

Dalili na farko zafin rana ne. Ruwan lamba na dā ba ya jure zafi. Kafin a ɗauko shi daga bakin teku, a bi da shi bisa raƙumi ko kan ɗan dako har Tawa ko Damagaram, sau da yawa ya riga ya mutu. Sai a tsaga ma mutum, ƙurji bai fito ba, shi kuwa yana ganin an yi masa lamba. In agana ta zo ta kama shi, duk garin ya ce lambar Nasara banza ce. Ba za mu ga laifinsu ba, abin da ido ya gani sunka faɗi. Daga 1941 mulkin Faransa ya wajabta wata lamba da gidan bincike na Pasteur a Dakar ke haɗawa, wadda ta gama rigakafin agana da na shawara a tsaga guda, ana kwaɓa ta da ruwan ƙaro don ta manne a fata. Ta yi aiki ƙwarai, shawara ta kusa ɓacewa daga ƙasashen da Faransa ke mulki. Amma ɓangaren shawarar yakan taɓa ƙwaƙwalwar wasu ƙananan yara, har daga baya anka hana yi ma yara ƙanana ita. Uwar da ɗanta ya kwanta bayan lamba ba ta buƙatar a karanta mata lissafi.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi a ganinmu, shi ne hannun da ya kawo lambar. Kumandan ne ke aiko ta, gardi-sarki na biye da malamin likita, ana kiran sunaye gida gida. To, da irin wanga kiran suna ake karɓar lanho, da shi ake ɗaukar samari soja, da shi ake kwasar mutane aikin tilas na hanya. Sai a 1946 anka soke aikin tilas, da dokar da ta ba kumandan ikon ɗaure talaka ba tare da shari'a ba. Mutumin da ya saba duk ranar da anka kira sunansa asara ce, yaya za a yi ya gane wagga rana ta dabam ce? Dattawa na ba da labarin yadda akan ɓoye yara cikin rumbu, wasu su kwana a daji har baƙi su wuce, wasu kuma da an tsaga musu su zagaya bayan gida su wanke wurin. Mafi muni, in agana ta shiga gida sai a rufe bakin kowa, don tsoron kada a tsare garin, a hana kasuwa ci. Cutar kuwa ba abin da take so kamar a ɓoye ta. A haka anka yi shekaru ana lamba dubbai bisa dubbai, agana na komowa duk bayan ƴan shekaru.

Abin da ya juya al'amarin ya biyo ta wata hanya da ba a zata ba, wato ta ƙyanda, wadda wasu ke ce ma baƙon dauro. Bayan samun mulkin kai, ministocin lafiya na ƙasashenmu sun fi damuwa da ita bisa agana, don ita ce ke ɗauke yara da yawa kowane rani. A 1962 da 1963 anka gwada sabuwar allurar ƙyanda ta Amurka a Hot-Bolta, wadda ake ce ma Burkina Faso yau, anka yi ma yara sama da 700,000. Da maƙwabta sunka ga yadda cutar ta kwanta, Nijar na cikinsu, sai kowa ya ce shi ma yana so. Likitocin Amurka, ƙarƙashin wani mai suna Donald Henderson, sunka ce in dai za a fitar da motoci da ma'aikata har ƙauyuka, to a haɗa da lambar agana. A lokacin kuma hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana ɗaure da alkawarin kawar da agana tun 1959, bisa shawarar Tarayyar Sobiyat, sai dai aikin ya tsaya don rashin kuɗi. A 1966 anka ware masa kuɗi, anka sa Henderson shugabancinsa. Lissafin OMS ya nuna a 1967 mutum miliyan 10 zuwa 15 ke kamuwa a duniya kowace shekara, wajen miliyan 2 na mutuwa, kuma Nijar na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa in an auna da yawan jama'a.

A Janairun 1967 aikin ya fara a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ya game ƙasashe 20. A wanga karo lambar busasshiya ce, gari ne cikin ƴar kwalba, tana iya yin wata guda cikin zafi ba ta lalace ba, sai an zo wurin aiki a jiƙa ta. Ga kuma abin da dattawa ba su manta ba, wato bindigar lamba. Ba ta da allura. Ma'aikaci na taka wani mataki da ƙafa, ya dafa bakinta a damtse, ta fesa maganin cikin fata da ƙarfi. In layi ya daidaita tana iya yi ma mutum dubu cikin awa guda. Kowa da kowa ake yi ma ta agana, ƙananan yara a ƙara musu ta ƙyanda. Kafin mota ta iso an riga an gai da sarki da masu gari da limamai, sanƙira ya zagaya, kuma akan tare jama'a ranar kasuwa, inda ake samun Fulani da Buzaye waɗanda ba su da gida guda. Uwaye mata da kansu ke goyo su zo, don sun san abin da ƙyanda ke yi. A ƙarshen 1969, a garin Bubon da ke bakin Kwara kusa da Yamai, anka yi bikin cika lamba miliyan 100 ta wanga shiri. A ƙasarmu anka yi shi, amma mutanenmu kaɗan ne sunka san haka.

Duk da haka, yawan lamba kaɗai bai kashe agana ba. Ko an yi ma mutum 80 cikin 100, sauran 20 sun ishe ta abin ci. A Disamban 1966, a yankin Ogoja na gabashin Nijeriya, agana ta ɓulla alhali kayan aikin babban shirin ba su iso ba. Wani likita, William Foege, ya ga lambar da ke hannunsa ba za ta ishi kowa ba. Sai ya roƙi ƴan mishan da ke da rediyon magana su aika mutane ƙauye ƙauye su gano inda maras lafiya ke kwance. Da labari ya zo, ya yi ma mutanen waɗannan gidaje da garuruwa lamba, sa'an nan ya tambaya: ina danginsu suke, wace kasuwa suke ci? Ya bi can ma ya yi. Cutar ta mutu a yankin tun ba a yi ma yawancin jama'a lamba ba. Duk manomin da ya taɓa kashe gobarar daji ya san wagga dabara: ba ka bin harshen wuta da reshe, gabanta kake zuwa ka share ciyawa.

Abin da ya sa dabarar ta ci, halin aganar ne da kanta. Ba ta da maɓoya a jikin dabba ko sauro. Wanda ya ɗauke ta ba ya ba wani sai ya fara ciwo, kuma in ƙuraje sunka fito ko yaro ya gane ta. Ƙari bisa haka, in an yi ma mutum lamba cikin kwana uku ko huɗu bayan ya zauna da maras lafiya, lambar na riga cutar kama jiki. Ke nan duk aikin ya rataya ga abu guda: labari ya isa da wuri. Daga Satumban 1968 anka baza wagga dabara a ƙasashen da agana ta rage, anka zaɓi ƙarshen damina da gangan, lokacin da cutar ta fi rauni. Ma'aikata na yawo kasuwanni da makarantu suna tambaya ko an ga mai ƙuraje. Mai gari da ya aika ɗan saƙo bisa doki ko keke, da malamin lakwal da ya tambayi yara wa ke kwance a unguwarsu, da tsohuwar da ta yarda ta buɗe ɗaki, su ne sunka yi rabin aikin, ko da yake ba a rubuta sunayensu ba. A Mayun 1970 anka ga mai agana na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma, a Nijeriya. Shekara uku da ƴan watanni ke nan da farawa. Da irin wagga hanya anka bi ta a Indiya da Bangaladash da Habasha, har ta tsaya kan wani mai dafa abinci a asibitin garin Marka na Somaliya a Oktoban 1977, wanda ya warke. Ranar 8 ga Mayu 1980 OMS ta sanar cewa agana ta ƙare a duniya, anka daina lamba.

Ƙyanda kuwa, wadda don ita anka fara tafiyar, ba ta ƙare ba. Ta fi agana saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba, kuma yaro na raba ta tun kafin ƙuraje su fito, don haka ba a iya kewaye ta kamar agana. Sai an yi ma kusan yara 95 cikin 100 allura, kuma a dinga yi, tun da kowace shekara ana haihuwar sabbi. Da kuɗin Amurka sunka ƙare a farkon shekarun 1970, motocin sunka tsufa, sai ta komo. Yamai ta sha babbar annobarta a 1990 zuwa 1991, ta sake sha a 2003 zuwa 2004. Makiyayanmu sun ga irin haka da bushiya: daga 1962 anka yi ta yi ma shanu allura har anka ce ta tafi, anka saki hannu ga maruƙa, a farkon shekarun 1980 ta komo ta share garkuna. Sai da anka sake ɗaura ɗamara kafin a tabbatar da ƙarewarta a 2011.

Tsohon tsoron nan na zamanin kumandan ma bai mutu ba, kuma wani lokaci ana ba shi abinci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani, cikin yara 200 da anka sa a gwajin 11 sunka rasu, magana ta yi shekaru a kotu. Da anka zo 2003, jita-jita ta tashi cewa ɗigon shan-inna na hana haihuwa, wasu jihohin arewacin Nijeriya sunka dakatar da shi, Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004. Gwaje-gwajen da anka yi ba su tabbatar da zargin ba, amma kafin nan cutar ta bi hanyar da dukanmu muke bi, ta shigo Nijar, ta kai ƙasashe wajen 20, har Yaman da Indunusiya. Iyakar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina ba ta taɓa tsai da ƙwayar cuta ba. Sai da anka koma ga sarakuna da malamai, kamar yadda anka yi a 1967, kafin abin ya daidaita, anka tabbatar da Afirka ta rabu da shan-inna na asali a Agustan 2020.

A wannan shekara ta 2020 ne korona ta shigo mana, ranar 19 ga Maris. Cikin ƴan kwanaki gwamnati ta rufe makarantu da iyakoki da masallatai, ta killace Yamai, ta hana fitar dare. Killace wuri ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, kowa ya ji labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham sa'ad da ya ji annoba ta sauka can. Amma dokar ta faɗo daga sama, da jami'an tsaro a ƙofar masallaci, kan cutar da yawancin mutanen ƙauye ba su ga mai ita ba. Anka yi tarzoma a Mirya da wasu unguwannin Yamai, a watan Mayu anka buɗe masallatai. Da allurar ta iso a Maris na 2021, mutane da yawa sun ja baya. Mu a ganinmu, da an fara zama da limamai da masu unguwa kafin a fitar da doka, da abin bai kai haka ba. Masu baza ƙarya ta waya su ma suna da nasu alhakin, kuma mun lura da yawa daga cikin saƙonnin daga birane sunka iso gida, ta hannun ƴan'uwanmu na ci-rani.

Don haka muke roƙon ku, ku da ke dawowa kafin shuka. Ku da kuka zauna birni ana jin maganarku a gida fiye da tamu. Kowane magidanci ya ce a miƙo masa karnen likita na yaransa ya duba da idonsa, in bai iya karatun ba ya kawo lakwal mu duba masa. Allurar ƙyanda ta farko ana yin ta in yaro ya cika wata 9, ta biyu a cikin shekararsa ta biyu, kuma ba a biyan ko dala. Wanda ya dawo da iyali daga Kano ko Legas, ya haɗa da takardar allurar can, don malamin likita ya san inda anka tsaya. In kuma an ga yaro da zazzaɓi da jan ido da ƙuraje, a raba shi da sauran yara, kada a kai shi biki ko suna, a aika likita a ranar.